Allon da Kafinta Ya Gwada da Guduma

Tun da ciwo ya kashe wa Inna ƙafafu, matakalar ƙofar gida ta zame mata katanga. Keken guragu dai akwai, amma keke ba ya sauka matakala. Mijinta kafinta ne, ya haɗa mata gangare na katako mai kauri, wanda sai ƙarti biyu ke iya ɗagawa, shi kuwa bayansa ya daɗe da ƙin nauyi. Gangare yana jingine a bango, Inna tana ɗaki.

'Yarsu Auta tana aiki a masana'antar da ke yin daɓen jirgin ƙasa. Ita ta kawo wani allo da aka yanka mata a can don ya maye gurbin gangaren: fuska biyu sirara masu tauri da suke kira fata, sama da ƙasa, a tsakaninsu ramuka jere kamar saƙar zuma. Da hannu ɗaya ta shigo da shi.

"Wannan kwalin ne zai ɗauki uwarki?" in ji kafinta.

"Baba, mutum nawa ke taka irinsa kullum a jirgi? Nauyi ba ya ba shi tsoro. Duka a wuri ɗaya ne ba ya so."

Washegari da Auta ta tafi aiki, Inna ta jiyo ƙarar guduma daga tsakar gida. Halin kafinta ke nan, bai taɓa yarda da itace ba sai ya ji amsarsa a hannu. Ya leƙo yana cewa, "Ba laifi, ko tabo bai yi ba."

Ranar da aka bugo waya cewa yayar Inna tana asibiti, jiki ya yi tsanani, kuma Inna take ta kira, Auta ta zo da mota. Ta shimfiɗa allon a kan matakala, ta zaro makulli tana ƙwanƙwasa shi kamar yadda suke yi a wurin aiki. Ko'ina yana amsawa ƙas-ƙas. Da ta zo gefen hagu, daidai inda taya za ta bi, sai amon ya mutu.

"Wa ya buge shi?"

"Gwadawa na yi. Dubi fuskarsa, sumul."

"Fuskar ce sumul, Baba. Saƙar ciki ta murƙushe, fatar ta saki. Taya ta hau nan zai iya lotsawa da Inna a kai. Sai na mayar an yanke wurin an cike."

"Abin da ɗan duka zai kashe, ai ba abin arziki ba ne."

"Ni dai ba zan ɗora ta a kai ba."

Inna tana bakin ƙofa a kekenta, jaka a cinya. An sha yanke mata hukunci tana zaune, likita ya yanke, miji ya yanke, yau har da 'yar da ta goya. Ta saki birki, ta turo kanta har tayoyin gaba suka taɓa bakin allon.

Auta ta riƙe keken. "Inna, don Allah."

"Cika ni. Yaya ba za ta jira masana'antarku ba. Ko a kan allon nan, ko da jan gindi, yau zan fita. Ke, zana mini iyakar ɓarnar. Kai kuma, mai guduma, tunda hannunka ba ya zama, nemo abin da zai tsallake ta."

Auta ta bi da makulli tana saurare, ta kewaye wurin da alli. Da'irar ta kai faɗin tafin hannu biyu, ta ninka kan gudumar nesa ba kusa ba. Kafinta ya daɗe yana kallon da'irar. Sannan ya ɗauko siririn katako dogo, ya shimfiɗa a kan layin tayar don nauyi ya bazu, ya cusa gungume a ƙarƙashi ya tokare. Auta ta hau ta yi tsalle a kai, ta gyaɗa kai.

"Na yau kaɗai," ta ce.

Suka sauko da ita a hankali, uba a gaba, 'ya a baya. Allon ya yi ɗan ƙara, ya riƙe.

"Kin gani ko," in ji kafinta yana haki, "katako ne ya ɗauke ki."

"Ka ajiye wannan gardamar sai mun dawo," in ji Inna. "Buɗe mini mota."