Tankar da Ta Tona Asirin Thaddeus

Thaddeus direban tankar ruwa ne, yana ɗebowa daga wata rijiyar burtsatse a Bwari yana kai wa otal-otal a Wuse. Da uwar ɗakinsa, Hajiya Nabilah, ta sayo sabuwar tanka, shi ta danƙa wa makulli, ta ce duk cikin direbobinta shi ne mai amana.

Amana kam yana da ita, sai dai yana da Rita ma, budurwar da yake nema a wani ƙauye bayan Bwari, inda rafi kan koma yashi da rani. Ran nan ya cika tanka fal, ya ce bari ya ratse ya gaida surukai, ya ɗan cika musu duro ɗaya. Amma wa ya isa ya naɗe tiyo alhali uwar budurwarsa na tsaye da bokiti? Daga duro aka koma randa, daga randa maƙwabta suka ji labari. Kafin ya ankara rabin ruwan ya tafi.

Ya fito titi da niyyar ya lallaɓa rijiya ya sake cikawa, sai waya ta yi ƙara. Hajiya ce. Motarta ta lalace a bakin kasuwar Bwari, ya zo ya ɗauke ta su wuce Wuse tare.

Thaddeus ya hau lissafi. Idan ta gane, makulli ya tafi, kuma ba a zuwa neman aure ba aiki. Ya lallashi kansa da cewa ƙarfe ba gilashi ba ne, ba mai ganin abin da ke ciki.

Abin da ya manta shi ne halin sabuwar motar. Tanka cikakkiya ruwanta a zaune yake, ba shi da wurin motsi. Rabin tanka kuwa, da an sha kwana sai ruwan ya ruga gefe guda ya ja motar. Wannan motar kuma tana da na'ura mai jin karkata: da ta ji jikinta ya rinjaya, sai ta rage ƙarfin inji, ta kama birki da kanta, wata fitila rawaya ta hau ƙyaftawa a gaban sitiyari.

A kwanar farko ruwa ya yi gefe, birki ya ce fus, fitila ta ƙyafta. Hajiya ta dafe ƙofa.

"Thaddeus, me ka taka?"

"Ban taka komai ba, Hajiya. Gaisuwa take yi. Ta ga oga ya shigo."

"Oho. Ashe tana da ladabi."

A kwana ta biyu ya rage gudu har wani mai keke ɗauke da doya ya wuce su yana waigowa. Duk da haka, da ya tsaya a mahaɗa, ruwan ya taho ya bugi gaban tankar, dam! Thaddeus ya yi maza ya ƙure rediyo. Hajiya ta miƙa hannu ta kashe.

"Wa ke ƙwanƙwasa mana ƙofa daga baya?"

"Hanya ne, Hajiya. Hanyan nan ba kyau."

A gangara ta gaba kwanar ta zo da kaifi, fitila ta sake ƙyaftawa har sau da yawa, kamar mai tsegumi da ido. Hajiya ta gyara mayafinta, ta ce a hankali, "Ranar da na sayi motar nan, sai da na zauna aka yi mini bayaninta. Juya ka kai ni inda ruwana ya tafi."

Haka suka koma, Thaddeus na ta haɗa kalaman ban haƙuri. Suna tsayawa a ƙofar gidan, Maman Rita ta leƙo.

"Thaddeus, wane ne wannan?"

"Mama, Hajiya ce."

"Hajiya mai ruwa?" Tsohuwa ta rangaɗa guɗa. "Ku fito! Ga madam da ya aiko mana ruwa sadaka!"

Hajiya ta juyo ta dubi Thaddeus. Thaddeus ya dubi taya. Ai ɗazu da yake jan tiyo, cewa ya yi uwar ɗakinsa ce ta aiko shi.

Kafin ta buɗe baki an shimfiɗa tabarma, an kawo doya da kaza, mata na ta sa mata albarka, wannan da sunan Yesu, waccan da fatiha. Wani dattijo ma ya roƙe ta, tunda Thaddeus kamar ɗanta ne, ita ta jagoranci masu kawo kayan aure. Hajiya ta amsa da murmushi, don ba a mayar da addu'a.

Sai da suka shiga mota, kazar da aka ba ta na kuka a ƙafarta, ta yi magana.

"Makulli na nan a hannunka. Amma tunda ni ce uwar ango, ni zan sa rana. Ba biki sai damina ta sauka rafinsu ya kawo."

"Hajiya, rani fa yanzu ya fara!"

"Na sani, ɗana. Tayar da mota."