Tabon da Ya Ƙi Wankuwa

Manu ya taka birkin babur ɗinsa saura kaɗan ya hau gungumen da 'yan sa-kai suka gitta a hanyar Maradun. 'Yarsa Hafiza na ɗaure a bayansa da rawani, ƙafarta ta kumbura suntum. Kububuwa ce ta sare ta a gona, kuma an ce sai asibitin Talata Mafara.

"Ku yi wa Allah ku bar ni in wuce. Ɗiyata ce, maciji ya cije ta."

Shugabansu, wani dogo mai rigar layu, bai ko kalli yarinyar ba. Ya ƙura wa Manu ido, ya ciro waya ya latsa. Sai ga muryar Manu tana fitowa, yana wata irin dariyar mugunta, yana cewa a ƙone gari.

Manu ya gane bidiyon. Bara ne Misbahu, wani matashin Bakura mai shirya wasan kwaikwayo da waya, ya gan shi a kasuwa ya liƙe masa kamar ƙaska, sai ya fito a mugu a wasansa. Wai mugu sai da tabo, mai kallo na ganin fuskar zai san zuciyar ta riga ta mutu. Bai taɓa tambayar inda Manu ya samo yankakken kunne da ƙunar kumatu ba. Ɓarayin daji ne suka yi masa ranar da suka kora shanunsa a Damaga. Manu ya yarda ne don an ce wasan faɗakarwa ne. Ashe wani ya yanki guntun ya watsa, ba farko ba ƙarshe.

"Wasa ne, wallahi! Ku kira wanda ya shirya."

Aka kira Misbahu, aka buɗe murya. Tsoro ya kama Misbahu, garin gyara sai ya ɓata: "Ranka ya daɗe, wasa ne. Duk abin da kunka gani kwalliya ce munka yi mishi."

Shugaban ya tura buta da ƙafa. "To, wanke huskar mu gani."

Manu ya san banza ne, amma ya durƙusa da yarinyar a bayansa. Ya zuba ruwa ya cuɗa, ya ɗebi yashi ya goga har jini ya fito. Bai taɓa tsanar fuskarsa kamar yau ba. Numfashin Hafiza a wuyansa sai raguwa yake.

"Tabon bai hita ba," in ji wani daga cikinsu.

Manu ya kwance rawanin, ya ɗora 'yarsa a hannun shugaban, ya ajiye makullin babur a ƙasa. Sannan ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa.

"Ni ku ɗaure ni. Ita ku sa mai kyan huska ya kai ta."