Cek Ɗin Kwali

Mai Fenti bai taɓa riƙe miliyan a hannunsa ba, amma ya rubuta biliyoyin da ko banki bai taɓa gani ba. Shi ke zana manyan cek ɗin kwali, irin waɗanda attajirai ke ɗagawa a gaban kyamara suna washe baki in za su ba da gudummawa. Da harafi ake biyansa, kuma sifili ma harafi ne. Saboda haka lissafinsa ba wuya: miliyan sifili shida, an samu na cefane. Biliyan sifili tara, har da nama.

Watan jiya ya zana na biliyan ɗaya, wanda wani attajiri ya ba asibitin da ake yi wa innarsa wankin ƙoda. An ce za a sayo injuna, wanki ya zama kyauta.

"Wai mene ne biliyan ɗin nan?" Inna ta tambaye shi.

"Miliyan sau dubu, Inna."

"Kai dalla, yi min magana irin ta mutane."

Ya buɗe hannuwansa iya buɗewa. "Daga nan zuwa nan, har da ƙarin taku ɗaya."

"To, ai da yawa," in ji ta.

Da yawa kam, amma mai karɓar kuɗi a asibiti bai ji labari ba. Gobe ranar wanki, abin da ke aljihun Mai Fenti ko rabi bai kai ba. Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga yadda ƙafafunta ke kumbura in an tsallake.

Yana wanke buroshi sai ga sakataren attajirin, da cek ɗin asibitin ɗaure a kan mota, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe.

"Malam, shafe sunan asibiti ka sa na ƙungiyar ƙwallo. Sifilin ka bar su, ba abin da ya same su."

Innalillahi! Ba kunya ba tsoron Allah, cek ɗin ma gwanjo. Mai Fenti ya haɗiye abin da ya zo bakinsa, ya lissafa kuɗin haruffan suna, ya ga ba su kai ko'ina ba.

"To, ranka ya daɗe," ya ce, yana sosa ƙeya. "Ni dai ina jiye wa maigida kunya ne. Shekaranjiya na yi wa maƙwabcinsa, mai gidajen mai, na biliyan ɗari biyar."

Ƙarya ce tsagwaronta. Amma sakatare ya zaro ido, ya zaro waya. Daga inda Mai Fenti yake tsaye yana jin maigida na zazzaga masifa.

Sakatare ya rufe bakin wayar da hannu. "Ya ce me ke gaba da biliyan?"

"Tiriliyan. Sifili goma sha biyu."

"Gaba da ita fa?"

"Kwadiriliyan. Goma sha biyar."

Sakatare ya faɗa a waya, harshensa na tuntuɓe. Ya saurara. "Ya ce wannan kamar sunan maganin tsutsar ciki. A sa tiriliyan."

"Sai sabon kwali, wannan ba zai ɗauka ba," in ji Mai Fenti. "Komai daga farko."

Ƙungiyar ƙwallon ta unguwa ce, mai tsaron gidansu da silifa yake kama ƙwallo. Ba wanda ya damu. Abin da ya dami sakatare farashi ne: ya tsaya yana ciniki, gumi na zuba, sai da aka yafe masa kuɗin sifili ɗaya sannan ya biya.

Washegari Mai Fenti ya biya kuɗin wanki, aka ɗora Inna a kan tsohon injin nan mai ƙara kamar na niƙa. A bakin ƙofa wata tsohuwa na zaune da jaka a cinya. An ce ta koma gida, kuɗinta bai cika ba.

"Baiwar Allah, kwantar da hankalinki," Inna ta ɗaga murya daga kan gado. "Biliyan na nan tafe. Ga wanda ya rubuta ta da hannunsa, ɗana ne."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar. Ta kama hannunsa, shuɗin fenti na nan a farcensa, ta shiga sa masa albarka, shi da 'ya'yansa da jikokin da bai haifa ba. Ya so ya zare hannun, ta riƙe gam.

"Amin, Baba," ya ce. "Amin."