Garin da ke zubowa cikin ƙullun masata

Ni Kande mai masa ta Gidan Igwai ban iya rufa-rufa ba. Da rani na sa Maigandi kafinta ya sake mani rufin ɗakin da nake ajiye ƙullu. Ba a jima ba na fara ganin wani gari mai laushi, ruwan ƙasa-ƙasa, bisa marfin roba. In share da safe, kafin azahar ya dawo. Ranar da wata mata ta maido mani masa ta ce da tsakuwa, ranar na ɗauki mayafi.

Na iske Maigandi shagonai shina fiƙe icce. Ko kai bai ɗaga ba, wai gara ce, daga ƙasar gidana ta hau, ba ruwan katakonai.

Na ce, "Maigandi, na girme uwarka. Gara gini take da laka, ta bi bango. Ka ga laka a ɗakina?"

Ya ce shi dai gara ya sani. Na juya, na tara garin cikin faifai, na kai ma mai unguwa Malam Jelani. Na gaya mai ga damina tafe, in rufin nan ya faɗo cikin ƙulluna, to shagon Maigandi zan koma da zama.

Malam ya yi dariya, ya sa anka kira Maigandi, munka tahi gidana mu uku. Maigandi ya hau tsani da tocila. Tsoffin azarorin giginya na marigayi maigidana lafiyarsu lau. Sabon farin katakon ne duk huji ƙanana kamar an soka allura. Ya ɓamɓare ɓawon da ya rage a gefe, sai ga farar tsutsa kwance, ga ɗan ƙwaro baƙi bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya sauko da su a tafin hannu, ya amsa cewa ɗanyen icce ne, da ƙwaronai ya zo.

Malam ya tambaya ko an shafa baƙin mai, na mota, yadda kowa ke yi kafin a buga kwano.

Maigandi ya dube ni. "Inna ta hana, wai zai ɗiga mata cikin ƙullu."

Na ce ƙwarai na hana, kuma ban ce a kawo mani icce mai tsutsa ba.

Anka raba mana: shi ya cire katakon ya kawo busasshe, ni in bari a shafa mai a tsakar gida, ya sha rana kafin a ɗora. Ƙullun ya yi mako ɗakin ɗiyata Wasila.

Yanzu marfin robata fes yake kwana. Maigandi kan biyo da safe ya sayi masa, ya leƙa sama, ya tambayi lafiyar gara. Nakan ƙara mai biyu, in ce ya wuce ya ba mutane wuri.