Tagar da Bututu Zai Bi

Da safe ne na kai wa mahaifiyata burodi kamar kullum, na iske ta kwance a gefen kaskon gawayi, kanta ya faɗa kan bargo, ɗakin a rufe ruf. Na kira ta sau uku ba ta amsa ba. Wallahi har yau ban san yadda na jawo ta waje ba, ni dai na gan mu a kan dusar ƙanƙarar farko ta bana, tana amai, ni ina ihu. Likita a asibitin garin Azru ya ce saura kaɗan. Ya ce gawayi a ɗaki rufe ba ya sallama, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa.

A motar dawowa na kafa mata sharaɗi. Ko a saka mata murhun ƙarfe mai bututu irin na kowa a ƙauyen nan, ko ta tattara ta dawo gidana.

"Gidanki na bayan masallaci?" in ji ta. "Me ake gani daga can, Hadda? Katanga?"

Na san inda ta dosa. Ɗakin Yemma, haka muke kiranta, yana da taga ɗaya tak, 'yar ƙarama mai gilashi guda, tana fuskantar gadar da motocin kasuwa ke sauke fasinja. Shekara bakwai ke nan ƙanena Mimun ya hau mota a gadar nan zai tafi aikin gonakin tumatir a ƙetaren teku. Shekara biyu yana kiran waya, daga nan ɗif. Mun tambayi duk wanda ya dawo, mun aika hotonsa, babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi. Tun ranar da ya tafi Yemma ta tara barguna a gindin tagar ta mayar da wurin mazauninta, ta ɗaura jan kallabinta, daga hantsi har rana ta faɗi. Ni da nake kawo burodi, nake wanki, nake ɗauko gawayi, baya take ba ni in na shigo. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Ranar Litinin Si Haddu maƙeri ya zo da igiyar awonsa a aljihun jallabiya. Tsoho ne mai surutun tsiya, kuma rabin murahun kwarin nan shi ya ƙera su.

"Lalla Itto, an ce kin so ki riga ni tafiya," ya ce wa Yemma tun daga bakin ƙofa, don shi da sunanta yake kiranta. "Haba! Wa zai riƙa zagina a kasuwa?"

"Masu zaginka ba za su ƙare ba, Haddu. Shigo ka sha shayi."

Bai zauna ba sai da ya zagaye ɗakin. Ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa rufi, ƙura ta zubo masa a rawani.

"Nan dai a'a. Azara busasshiya, ƙirare a kanta, sannan ƙasa. In bututu ya yi zafi a tsakaninsu, kafin ki ce wayyo an gama."

"Bangon baya fa?" na tambaya.

"Me ke bayansa?"

"Ɗakin harawar su Bassu maƙwabcinta."

"To kin ba kanki amsa. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ke da maƙwabci ku kwana a fili."

Bangon hagu kuma shi ke kallon dutse, inda iskar sanyi ke saukowa. Ya ce in ya fitar da bututu ta can, iskar za ta riƙa turo hayaƙin cikin ɗaki, an koma gidan jiya. Ɗaya bangon na ƙofa ne, a bayansa akwai rumfar katako. Yana cikin lissafowa na riga na ga abin da ya rage. Shi ma ya gani. Ya tsaya gaban tagar yana wasa da igiyar awon, bai kalli Yemma ba.

"A cire gilashin nan, in sa faifan ƙarfe mai rami a tsakiya. Bututu ya bi ta ciki, ya miƙe a waje har ya wuce rufi. Murhun ya zauna nan, taku ɗaya da rabi daga bango, in shimfiɗa langalanga a ƙarƙashinsa saboda garwashi. Bargunan nan kuwa duk su koma can ƙurya. Ba na son ganin ko zaren ulu kusa da shi."

Yemma ta ajiye butar shayi a hankali.

"Ba za a taɓa mini taga ba."

"Lalla Itto, in da wata hanya..."

"Ka fasa wata tagar a gefe."

"Bangon nan na laka ya girme ni. Kin ga tsagar can? In na sa masa guduma, da ni da ke da shayin za mu gangara kwari."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma sai ya sha shayinsa a tsaye, ya ce zai leƙa wani aiki a gidan liman ya dawo, mu yi shawara. Wayo ne, ya gudu ya bar ni da ita.

Na fara da lallashi, Allah ya sani. Na ce za a bar ƙofa a buɗe da rana ta riƙa samun haske. Na ce in bazara ta zo za a sauke bututun a mayar da gilashi, wata biyar ne kawai. Ta ce wata biyar kasuwa ashirin ke nan, mota nawa ke tsayawa a kasuwa ashirin? Nan fa raina ya ɓaci.

"To ki zauna da gawayinki! Ki mutu a gindin taga, ni in zo da burodi in same ki! Shekara bakwai kina kallon hanya, me hanyar ta kawo miki? Yemma, Mimun ba zai dawo ba. In ma yana raye ya manta da mu!"

Ban taɓa furta wannan ba, ko a gaban mijina. Ina rufe baki na so a ce ƙasa ta tsage in shige. Na zata za ta yi kuka ko ta kore ni. Sai kawai ta juyo da fuskarta gare ni sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Matso nan," ta ce. "Dubi idona."

Na durƙusa na duba. Wani fari-fari ya rufe baƙin idon, duka biyun, kamar madara ta ɗiga a ruwa. Yanar ido ce. Kullum ina cikin ɗakin nan, ban taɓa lura ba.

"Tun sanyin bara ban ƙara ganin gadar nan ba," ta ce. "Ƙarar mota kawai nake ji. Ke ma da takunki nake gane ki."

"Innalillahi! Me ya sa ba ki faɗa ba? To zaman me kike yi a nan?"

"Don ya gan ni. Yaron nan akwai shi da kunya, kin san shi. In ya sauka ba ko sisi a hannunsa, zai tsaya a gada ya ɗago kai. In ya ga kallabina a taga zai hawo. In ya ga taga a toshe da ƙarfe zai ce tsohuwar ta mutu, an rufe gida, ya koma cikin motar."

Na zauna daɓas a ƙasa. Duk faɗan da na tanada ya tsere mini. Haka Si Haddu ya dawo ya same mu, kuma da alama ya ji ƙarshen maganar daga rumfa, don bai yi barkwanci ba. Ya tsuguna kusa da ita.

"Lalla Itto, in kin hango gida daga nesa a lokacin sanyi, da me kike sanin akwai mai rai a ciki?"

Ta juya fuskarta wajen tagar.

"Hayaƙi," ta ce.

"Gidan nan shekara nawa ba ya hayaƙi? Gawayi ba ya yi."

Ta shafa gilashin da tafin hannunta, sama da ƙasa, kamar mai shafa kan yaro.

"Bututun naka, iyakar tsawonsa nawa?"

"Dole ya wuce rufi da kamu biyu, in ba haka ba ba zai ja ba."

"Ka sa huɗu."

"Sai na ɗaure shi da waya saboda iska."

"Ka ɗaure."

Ranar Laraba, ranar kasuwa, ya zo da murhun a bayan alfadari. Ni na kwashe bargunan zuwa ƙurya. Yemma da kanta ta riƙe gilashin da ya ciro, ta naɗe shi a tsumma ta tura ƙarƙashin akwati. Ya shafe kowace mahaɗar bututu da laka, ya ƙona takarda a ciki ya ga ta ja sama, sannan ya jera itace ya hura. Ɗakin ya yi duhu, amma ya ɗau ɗumi irin wanda rabonsa da shi tun mahaifinmu na raye. Ya ja mini kunne a kan kakkaɓe kunkunniya duk wata, da barin 'yar kafa a ƙasan ƙofa. Na ce zan kai ta a duba idon, ta ce sai bayan sanyi.

"Hadda, sauka gada ki dubo mini."

Na sauka. Rabona da tsayawa a gadar nan tun ranar da muka raka shi, in zan wuce ma kau da kai nake yi. Na juyo na ɗaga ido. Ga gidanmu can a saman tudu, ɗan mitsitsi. Tagar kuwa, sai da na ƙura ido na gane inda take, ɗigo ne kawai a jikin bango. Ko da jan kallabi goma a cikinta, babu mahaluƙin da zai iya gani daga nan. Shekara bakwai! Amma hayaƙin ya miƙe fari tas a saman rufi, ko makaho ya kusa ganinsa.

Motar kasuwa ta iso ina tsaye. Mata biyu suka sauka da wani dattijo mai buhun gari. Na bi sauran fuskokin da ke ciki da kallo ɗaya bayan ɗaya har direban ya tambaye ni ko tafiya zan yi. A nan na yi kukan ƙanena, wanda ban yi ba tun da ya tafi, don kullum ina ganin Yemma ta riga ta yi mana duka. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa.

Na wanke fuska a rafi na hawo. Tana zaune a ƙurya cikin duhu, da jan kallabin a kanta.

"Ana gani?"

"Ana gani, Yemma. Tun daga gada."

"To ƙara itace," ta ce. "Akwai motar la'asar."