Ƙirgar Jangali a Rugar Manu

A daminar 1974, shekara guda bayan farin da ya kashe dabbobi, shanu tara suka rage wa Manu. Rugarsa tana bayan Kekun Waje, a ƙasar Bungudu. Takwas daga cikinsu ƙashi ne da fata, daga nesa ana ganin haƙarƙarinsu. Ta tara ita ce Wule, karsana mai farar fuska, jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi ranar sunansa. Ita kaɗai ta rage a wannan tsatson, kuma tana ɗauke da cikin fari.

Ban da nasa, Manu yana kiwon shanu goma sha huɗu na Alhaji Mas'udu, mai sayen fata da ƙirgi a Sabon Garin Gusau. Waɗannan sun ci dusa da angurya lokacin fari, jikinsu sai sheƙi yake. Sharaɗinsu tun farko shi ne nono na Manu, biyan jangali, harajin shanu, na Alhaji.

Jangali ba shi da wuyar lissafi. Kowane kai sule bakwai, bijimi ne ko ramammiyar saniya, maraƙi mai shan nono kaɗai ake ɗaga wa. Alhaji yana son wannan tsari a baki. A ƙofar shagonsa yakan ce da ma a mai da duk harajin ƙasar nan haka, kowa ya biya daidai, a daina leƙa aljihun mutane. Amma shekara uku bai biya na kai ɗaya ba. Ɓoye shanun ake yi.

Ranar ƙirga Alhaji ya iso da sassafe a kan babur, ko sallama bai yi ba.

"Kora nawa zuwa kwazazzabo," ya ce.

"Alhaji, a bari a yi tatsa tukuna. Maruƙan ba su sha ba."

"Malamin jangali yana Kekun Waje, na wuce shi yana shan koko. Kai kana zancen nono."

"Saniyar da ba ta shayar ba, ba ta zama inda aka ajiye ta."

"Ni na saye su. Ni zan faɗi inda za su zauna."

Manu ya san kuskure ne, ya kuma san ƙarya ce za a yi wa hukuma, amma ya yi. Wannan laifinsa ne, babu mai wanke shi. Ya kora shanun cikin kwazazzabon da ke bayan gonar dawa, ya toshe bakinsa da ƙaya. Kafin ya dawo, babur ɗin Alhaji ya kafe a laka a hanya ɗaya tilo da ke fita daga rugar. Alhaji yana cikin turawa sai ga keke biyu.

Malam Ɗahiru, malamin jangali, siririn mutum ne marar yawan magana. Tare da shi akwai dogarin hakimi, Jatau, da igiya a kafaɗa. Malam ya gaisa da kowa, ya ƙirga shanun da ke tsaye, ya samu tara. Bai buɗe littafinsa ba. Ya zagaya wajen dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere, ya bi ta yana taɓa kan kowane maraƙi.

"Shanunka nawa ke ba da nono, Manu?"

"Huɗu, Malam."

"Maruƙa goma sha ɗaya. 'Yan uku-uku suke haifa maka?"

Jatau ya yi dariya. Manu ya dubi ƙasa.

Malam ya kife turmi ya zauna. "Ba na sauri," ya ce. "Kada a kwance ko ɗaya."

Dije, matar Manu, tana durƙushe bayan ƙorenta na tatsa, duk babu komai a ciki. Rana ta ɗaga. Maruƙan suka fara kuka, ɗaya bayan ɗaya, har suka haɗa baki. Alhaji ya shiga yi wa Malam hirar tsadar gishiri da ƙarfi, kamar muryarsa za ta rufe tasu. Can daga bayan gonar dawa wata saniya ta amsa. Wata ta bi ta.

Ba a daɗe ba aka ji karyewar ƙaya. Shanu bakwai suka ɓullo a guje, nono na ɗiga, kowace ta nufi ɗanta. Sauran suka biyo baya, daga ƙarshe babban bijimin Alhaji, farin bokolo mai tozo kamar tulu, yana tafe a hankali.

Yanzu Malam ya buɗe littafi.

"Tara, sule sittin da uku. Goma sha huɗun da aka ɓoye, ninki ne, ɗari da casa'in da shida. Duka naira ashirin da shida ba sule ɗaya."

Abin da ke gidan sule sittin da uku ne cif, kuɗin man shanun da Dije ta tara tun bazara.

"Malam," in ji Dije, ba ta ɗago kai ba, "waccan da iska ke kayarwa, kuɗinta ɗaya da wancan ƙaton?"

"Ɗaya ne, Inna. Ba a aiko ni auna ƙiba ba, kai nake ƙirgawa." Ya juya ga Manu. "Na ɓoyen na wane ne?"

Manu ya dubi Alhaji. Alhaji ya san abin da amsar za ta jawo. In ya ce nasa ne, za a kai shi gaban alƙali a Bungudu, sunansa kuma ya isa ofishin haraji na Gusau, inda ya rantse musu cewa fari ya cinye jarinsa.

"Ni fata na zo nema," ya ce. "Ko kaza ba ni da ita a nan."

"Ka ji, Jatau?"

"Na ji, Malam."

Malam ya rubuta. "To, duka na mai ruga ne. A biya yanzu, ko a ja dabba ɗaya zuwa kasuwa."

"Abu mai sauƙi," in ji Alhaji. Ya nuna da leɓe. "Ga mai farar fuskar can. Za ta biya har da canji. Ni ma sai in saya, don in rage masa wahalar kasuwa."

Mutum ya ci amanar wanda ke yi masa kiwo, sannan ya tsaya taya dukiyarsa a gabansa. Akwai irinsu da yawa, kuma sahun gaba suke tsayawa a masallaci.

Jatau ya sauke igiya ya nufi Wule. Ta ja da baya, ta raɓe a jikin Manu kamar yadda ta saba. Manu bai motsa ba. Bakinsa ya ƙi nuna dabbar da aka ba shi amana, ko da mai ita ya yi musun ta. Jatau ya zura igiyar a ƙahonta.

"Malam," Dije ta sake cewa. Wannan karon ta miƙe. "A takardarka shanun wa ka rubuta?"

"Na maigidanki."

"Nawa?"

"Ashirin da uku."

"To, mai shanu ke zaɓen wadda zai sayar, ko baƙon da ya zo neman fata?"

Malam Ɗahiru ya dube ta, alƙalami a hannu. "Mai shanu," ya ce.

Kowa ya dubi Manu. Ya shafa wuyan Wule. Sannan ya zare igiyar daga ƙahonta, ya karɓe ta daga hannun Jatau, ya ratsa garken har wajen bijimin. Ya yi masa magana da Fulatanci, bijimin ya sunkuyar da kai. Ya ɗaure shi, ya jawo shi gaban Malam.

"Wannan," ya ce.

Jatau ya shafa tozon. "Mahauta za su yi murna. In hukuma ke sayarwa, tayin farko ake sallamawa."

Bijimin ya ninka kuɗin jangalin sau da yawa, kuma Alhaji ya riga ya yi wa wani dillali alkawarinsa. Jatau ya fara ja. Sun kai bakin hanya, daidai inda babur ya kafe, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Dakata. Bawan Allah ne, fari ya taɓa shi. Bari in biya masa, sadaka."

Ya zaro jaka daga ƙarƙashin riga, ya ƙirga sule ɗari da casa'in da shida a kan turmi.

Malam ya dubi kuɗin, bai taɓa ba. "Na goma sha huɗu daidai. Me ya sa sadakarka ta san waɗanda aka ɓoye, Alhaji? In rubuta haka?"

Alhaji ya sake buɗe jakar. Ya cika naira ashirin da shida, ya tsaya har aka ba shi canjin sulensa.

"Allah ya karɓi sadaka," in ji Dije, ta ɗauki ƙwaryar tatsa.

Malam ya yago rasit ya miƙa wa Manu. "Baɗi in zo in tarar da ashirin da uku a tsaye. In ka sake ɓoyewa, kai zan ɗaure, ba saniya ba."

Da kekunan suka ɓace, Alhaji ya matso, ya rage murya. "Ba ni takardar."

"Sunana ne a ciki."

"Kuɗina ne."

"Sadaka ka ce, Alhaji, gaban shaidu." Manu ya naɗe takardar ya cusa a cikin hularsa. "Shanunka naka ne, ko gashi ɗaya ba zan ci ba. Ka zo da mutum biyu ranar Juma'a, ka faɗa a gabansu cewa naka ne, ka kora abinka. Na gama kiwon dabbar da mai ita ke musun ta."

Bai taya shi fitar da babur ba. Ya koma wajen Wule, ya duba gindin ƙahonta inda igiya ta goge, sannan ya shiga kwance maruƙa.