Makullin Saje Haggai

Kwana tara da binne Saje Haggai a garinsu Manga, ɗansa Joel ya shiga tsohuwar motarsa da makullin ajiya da ya tono a akwatin Mama. Makullin ya shiga, amma ya ƙi murɗuwa. Ya girgiza sitiyari, ya hura ramin, ya ɗiga man keken ɗinki. Ko motsi.

Gobe Lahadi za a yi addu'ar godiya a cocin Manga, kuma Mama Hannah ta ce ita ba za ta hau mashin ba. Shekara talatin a kujerar gaba take shiga garin mijinta.

Ya kira Dodo bakanike, abokin marigayin tun zaman bariki.

Dodo ya zare makullin, ya ɗaga shi a rana, ya shafa haƙoransa da yatsa.

"Wannan ai ango ne, bai taɓa aiki ba. Ina na Saje, mai lanƙwasasshen kai?"

"Ban gan shi ba, Baba."

"Nemo shi. Gidan makullin tare suka tsufa da wancan, sun cinye juna, shi kaɗai ya sani. Wannan haƙoransa sun yi masa kaifi, kamar bakin uwarka."

Joel bai yi dariya ba. Shi ne ya sa wa gawar babansa kakin soja. Ya tuna wani ɗan tauri da ya ji a aljihun ƙirji sa'ad da yake sa maɓalli. Bai duba ba. Ba ya son ya ƙara taɓa sanyin jikin.

"Yana Manga," ya ce.

"To hau mashin ka ɗauko mana."

"Yana aljihunsa."

Dodo ya cire hula. Ya daɗe yana kallon kujerar direba da ta lotsa.

"Sai dai a fasa gidan, a sa sabo. Kafin la'asar motar ta tashi."

Mama ta leƙo daga ƙofa. "An gano ciwon?"

"An gano, Mama."

"Babanka lallaɓa ta yake yi. Kada ku buga mata komai."

Joel ya sunkuyar da kai. "Mama, Inna Monica tun jiya take cigiyarki. Ki leƙa ta mana."

Ta ɗaura ɗankwali ta fita, tana jan silifa. Joel ya tsaya har ta sha kwanar injin niƙa, sannan ya buɗe jakar Dodo ya ciro guduma.

"Kawo, ɗana."

"Bari, Baba. Nuna min inda zan buga."